Baitin da na ƙara a waƙar majemi

A lokacin da abin nan ya faru ni matashin malami ne a Matamaye, mai mata ɗaya da rawani ɗaya da girman kai na mutum goma. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni hannu. Idan na zauna a zaure da alƙalami da tawada, na sa wasali da ja, ko wanda bai san baƙi ba sai ya tsaya ya duba. Da wannan nake ci. Ina kwafe waƙoƙin wa'azi da ƙananan littattafai a ajami, fatake su saya su wuce da su Dungu da Yauri da Icirnawa. Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba, kuma duk takarda mai rubutun malamai abar tuhuma ce a wurinsu, tunda ba sa jin ta sai ta bakin tafinta. Yau na tsufa, na ga mujallarku tana buga rubutun mutanen da a da ba mai saurarensu, shi ya sa na ce bari in sauke abin da na daɗe ina ɗauke da shi.

Wajen neman fatar tadarishi, wato bangon da muke naɗe littafi a ciki, na san wani majemi a bayan gari. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Uwarsa baiwa ce, an kamo ta daga kudu tun kafin Nasara, ta mutu ba ta ƙara ganin garinsu ba. Nasara sun ce bauta ta ƙare, amma duk ranar da aka ce kowace unguwa ta ba da mutane don aikin tilas, sunansa ne ke fara zuwa bakin mai unguwa. Sau biyu yana tafiya dakon kaya da fasa hanya, ya dawo da ƙafafu a tsattsage. Wata rana da hantsi na same shi yana kankare fata yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na tsaya, har na manta da warin bagaruwa da ruɓaɓɓen gashi da ke korar mutane daga wurin. Waƙa ce shiryayya, baiti bayan baiti, ba inda ta yi ɗingishi. Tana maganar zanen fuskar uwarsa da ba wanda ya san na wace ƙasa ne, da harshen da take yi masa tawai da shi wanda bai taɓa ganewa ba. Tana tambaya shi na waye, tunda Nasara sun ce ɗa ne, gari ya ce bawa ne, amma idan kaya ya zo duka biyun sun san hanyar wuyansa.

Na roƙe shi in rubuta. Ya yi dariya, ya ce mini ya taɓa zuwa wurin malamai biyu, ɗaya ya ce tawada ba ta haɗuwa da warin jima, ɗayan bai ma bar shi ya shiga zaure ba. Daga baya ya yarda, amma da sharaɗi guda. Al'adarmu ce mai waƙa ya rufe da sunansa da na garinsu a baitin ƙarshe, don wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Shi ya ce kada a sa nasa. Ya ce yana da 'ya ƙarama wadda uwarta ta rasu, kuma Allah ya san mai waƙar ko ba a rubuta ba. Na ɗaukar masa alkawari, na rantse. Kwana da kwanaki ina zuwa majema da takarda, yana faɗa ina rubutawa, in na gyara masa kalma don ta yi kama da ta malamai sai ya ce, Malam, mayar mini da abata.

Waƙar ta tafi fiye da duk abin da na taɓa kwafewa. Makafi suka hardace ta suna rerawa ranar kasuwa, mata suna daka suna amshi. Sai gardama ta tashi kan mai ita. Wasu suka ce wani babban malamin Katsina ne, wasu suka ce daga Kano ta zo. Da na gwada cewa a cikin garin nan aka yi ta, kuma ba malami ba ne, sai aka yi mini dariya, wani dattijo ya ce irin wannan magana ba ta fitowa daga bakin da ba a yi wa karatu ba. Abin ya ci mini rai. Na ce wa kaina zalunci ne a ƙwace wa mutum ƙarfinsa, a zo kuma a ƙwace masa waƙarsa. Na zauna na tsara baiti guda, na sa sunansa da sana'arsa da garinmu, na liƙa a ƙarshen sababbin kwafe. Ban gaya masa ba. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: masu kwafe kan rubuta sunansu a ƙasan shafi, kuma ni ban taɓa barin nawa ba ko a kan 'yar addu'a mai layi uku. A wannan na bar wurin fari. Na ce tawali'u ne. Ƙarya nake, na san akwai haɗari, na ɓoye kaina na tura nasa.

Ba a yi wata biyu ba kwamandan Nasara ya zo rangadi, tafintansa ya ji makaho yana rerawa a kasuwa, ya nemi takardar ya samu, ya fassara wa maigidansa. Da rana tsaka askarawa suka je majema suka fito da shi, hannuwansa jiƙe da ruwan jima. Aka tara malaman gari a gindin inuwar da kwamanda ya sauka, aka ɗaga takardar, aka tambaya hannun waye. Babu malamin da bai san hannuna ba a wurin, amma kowa ya duƙar da kai. Da aka zo kaina na duba rubutuna, da jan wasalin da nake alfahari da shi, na ce ban san shi ba. Aka juya ga majemin. Ya ce waƙar tasa ce, ba zai musa ba, amma wanda ya rubuta wani baƙon malami ne mai wucewa, bai riƙe sunansa ba. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Da ya zage ni a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe tsoro ya sa na tattaro duk kwafen da ke hannuna, har da na farko wanda ya fito daga bakinsa. Da yake waƙar ta fara da sunan Allah ba a ƙona ta, sai na jiƙa takardun a tukunya na dama har ruwan ya yi baƙi, na zuba a gindin tsamiyar gidanmu. Makafi suka daina rerawa, waɗanda suka saya suka yi abin da na yi. Majemin kuwa aka wuce da shi aikin hanya can arewa. Wani da ya dawo ya ce tari ya kama shi, a damina ta biyu aka rufe shi a bakin hanyar, ba wanda ya san wurin.

Shekaru suka wuce, na yi furfura, na je Makka, ana ce mini Alhaji ana tashi a ba ni wuri. Wata rana wata mace ta yi sallama a zaurena, ta ce ita ce 'yar majemin. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ta ji akwai inda ubanta ya siffanta zanen fuskar kakarta, tana so ta ji ko wani zai gane ƙasar, don 'ya'yanta suna tambayarta su daga ina suke. Na rufe ido na nema. Hannuna ya rubuta waƙar sau ba adadi, amma mai kwafe ido yake ba takarda, ba zuciya ba. Na sami yabon Allah na farko, irin wanda kowace waƙa ke farawa da shi. Na sami kalma nan, kalma can. Baiti guda kawai ya zo mini cikakke, wanda ni na tsara. Na gaya mata gaskiya duka, na ce in tana so in rera mata shi. Ta gyara mayafinta ta ce a'a, ai na riga na furta sunan ubanta sau ɗaya a inda ya hana, ya isa.

Abin da na koya ya zo mini a makare. Wanda ya ba ka maganarsa ka yaɗa, ya ba ka wuyansa ne, kuma shi ya fi ka sanin nauyin da wuyan zai iya ɗauka. Ku masu buga rubutun marasa gata, idan mutum ya ce a ɓoye shi ku ɓoye shi, ko da kuna ganin ɗaukaka ce kuke hana shi. Idan kun ga sunanku bai kamata ya fito ba, to nasa ma haka. Idan kuma wuta ta taso, kada maganarsa ta zama farkon abin da za ku zubar don ku tsira. Ina neman gafarar Allah, ta majemin kuwa ba ni da inda zan nema. Kun ga ban sa sunansa a takardar nan ba. Alkawarin da na ɗauka a majema ke nan, sai yau na cika shi, bayan ba sauran wanda zai amfana.