Hoton Inna a Zurmi

Mun tashi da asuba, ni da wani aminina, amma motar ba ta bar tashar Shinkafi ba sai da rana ta ɗaga. Yanzu babu direban da ke son zama na farko a kan hanya. Kowa yana goge gilashi, yana jiran wani ya fara fita. Kuɗin mota zuwa Ƙaura ya kusa ninka na bara, kuma ba wanda ya tsaya ciniki.

Ga dalilin tafiyar. Wata biyu ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana a ƙauyenmu, can wajen Gurbin Bore. Na daɗe ina sana'ar hoto, na ɗauki biki, na ɗauki suna, amma da na bincika ban sami hotonsa ko ɗaya ba. Innarmu tana kwance gidan kawu a Zurmi, ita ma ba ni da nata. Ban so hakan ya faru sau biyu ba.

Gero ya yi kai a gefen hanya, sai dai gonaki da yawa ciyawa ta cinye su. A wani shinge jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga filasha, wato fitilar da ake ɗora wa kyamara, ya tambaya ko tana cajin waya. Da na ce a'a, ya mayar da ita kamar ta ɓata masa lokaci. A Ƙaura mun ci waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance ƙwarai, har aminina ya ce in ɗauki hotonta kafin ta ɓace gaba ɗaya.

Mun isa Zurmi bayan azahar. Inna tana ƙuryar ɗaki, an toshe taga da tsumma. Tun da aka kawo ta ba ta yarda ta fito tsakar gida ba. Ta rame, sai da ta yi magana na tabbata ita ce. Muka gaisa, na roƙe ta in ɗauki hotonta, ta yarda, ta gyara kallabi.

Na danna kamar yadda nake yi a wurin biki. Hasken ya faɗa mata a fuska.

Inna ta ƙwalla ƙara, ta kife a tabarma, ta rufe kai da hannu biyu tana cewa, "Ku bar shi! Ku bar min shi!" Na tsaya kamar an dasa ni. Matar kawu ta shigo da gudu ta rungume ta, sannan ta dube ni.

"Kai, ba a gaya maka ba? Da tocila 'yan bindigar suka haska masu fuska, ita da yayanka, ranar da suka kashe shi. Ko ashana ba mu ƙyastawa gabanta."

Na fita na zauna a zaure. Aminina ya ce mu haƙura. Na kusa yarda.

Mu masu hoto mun san hanya biyu ta tausasa wannan haske. Ko a rufe bakin filasha da farin ƙyalle mai shara-shara, ko a juya kanta ta bugi wani abu fari, hasken ya dawo a baje. Ta farko ba za ta yi ba, don daga gaban Inna hasken zai fito dai. Ta biyu kuma, azarar ɗakin hayaƙi ya baƙanta ta, baƙi shanye haske yake yi. Bangon jar ƙasa ne, zai rina mata fuska. Na tambayi matar kawu ko akwai farin zane babba, ta ce babu.

Ashe Inna tana jin mu. Ta ce, "Buɗe akwatina, akwai fari can ƙasa."

Na ɗauko farin ƙyallen, na rataye shi a bangon gefe. Na juya kan filasha gare shi, na rage mata ƙarfi, na ce, "Inna, ɗakin zai ɗan yi haske kamar an buɗe ƙofa. Ni za ki duba." Ta dube ni. Na danna. Ta ƙifta ido kawai. Fuskarta ta fito a natse, har tsagar kumatunta, babu inuwa mai kaifi a bayanta.

Ina ninke ƙyallen na ga gefe ɗaya yage shi aka yi da hannu, babu kalmasa. Inna ba ta taɓa faɗin sunan yaya ba, don shi ne ɗan fari. Ta ce, "Ragowar likkafanin babban ne. Ni na aje ma kaina. Ranar tawa, in kawunka ya ƙaro kaɗan, ya isa. Ninke shi daidai, kar ka ɓata min."

Na ninke shi daidai.

Washegari muka biyo hanya. Mun shiga Shinkafi kafin la'asar, lafiya. Abin da na koya kaɗan ne. Na san kayan aikina, amma ban tambayi abin da idon tsohuwata ya gani ba kafin in haska ta. Yanzu ina tambaya, ko a wurin biki ne.

Hoton yana hannuna. Allah ya jiƙan yaya, ya ba Inna lafiya, ya sa ƙyallen nan ya daɗe a akwati.