Ƙas Tara na Uwar Tawul

Uwar Tawul muke ce mata a layinmu, har jikokinta ma haka suke kiranta idan ba ta kusa. Shekara talatin da ɗoriya tana wanke tawul na shagunan aski huɗu da ke bakin titi. Da safe a kawo mata su a ƙulle, duk gashi da busasshiyar kumfa, da la'asar a zo a ɗauka a ninke goma-goma. Tagata tana kallon tsakar gidanta, shi ya sa na san ɗan abin da na sani.

Injin wankin mijinta ne ya sayo mata, na hannu ba sabo ba, shekarar da ya bar tuƙin mota. Mai baki biyu ne, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, kuma a da fari ne. A goshinsa akwai agogon da ake murɗawa, wanda masu gyara ke ce wa taima. Shi ke juya ruwan hagu, ya ɗan tsaya, ya juya shi dama, ya kashe injin idan lokaci ya cika. In ana murɗa shi yana yin ƙas, ƙas, kowane ƙas minti ɗaya. Tawul ƙas tara ne. Zannuwan da ake yafa wa mai yin aski a wuya ba su da ƙwari, ƙas huɗu ya ishe su.

Wajen shekara biyu ke nan na lura ta daina kallon agogon in za ta murɗa. Sai ta kawar da fuska wajen bango, leɓenta yana motsi. Ni ma sai na yi tari take gaishe ni. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani, kuma ba ta gaya wa kowa ba, balle ɗanta na fari, Akawu. Tun rasuwar mahaifinsa ya gyara mata ɗaki a gidansa, bene hawa na uku, ya ce duk ranar da ita ko injin wani ya gaza, za ta tattara ta koma can. Ta amsa masa ne a lokacin don ba ta ga wanda zai gaza ba a cikinsu.

Ranar wata Litinin agogon ya tsaya. Injin ya yi ta gurnani, ruwan bai motsa ba. Ta aika a kira ƙanin mijinta, Mai Rediyo, wanda ke da rumfar gyara a bayan tasha. Shi ma ya manyanta, amma ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba.

"Matar Yaya, kin kashe shi ke nan," in ji shi da ya buɗe bayan injin. "Haƙoransa sun cinye kaf. Kamar naki."

"Nawa sun fi naka yawa, mai bakin tsohuwar jaka. Ka gyara min abu."

"Wannan ai ya wuce gyara, sai canji. Kuma irinsa an daina yi tun kina da kyau."

Kwana uku yana yawon nema. Ita kuwa ta koma wankin hannu, tawul wajen tamanin, tana durƙushe gaban baho har wuyan hannunta ya kumbura. La'asar ta yi ba su bushe ba. Mai shago ɗaya ya kwashe nasa ya kai sabon gidan wankin da aka buɗe kusa da kantin magani, ya ce kafin a gyara. Akawu ya ji labari, ya bugo waya ya ce ranar Asabar zai zo su yi magana.

Ranar Alhamis Mai Rediyo ya zo da sabon agogo a cikin leda. Tsohon wayoyinsa huɗu, wannan shida. Ramukan ƙusa ba su zo daidai ba. Ya zauna kan kujera 'yar tsugunne tun hantsi, yana gogewa, yana gwadawa, yana tsaki. Sau biyu yana haɗawa injin ya juya gefe ɗaya kawai. Sau ɗaya wuta ta ja shi, ya ambaci sunan yayansa marigayi da wata kalma da ba zan rubuta ba. Sai bayan azahar ruwan ya juya hagu, ya tsaya, ya juya dama.

"To, Bismillah," ya ce yana share zufa. "Ki yi min godiya a tsaye."

Ta kai hannu ta murɗa. Kan agogon ya juya sumul, shiru. Ta mayar, ta sake murɗawa.

"Ba ya ƙas."

"Ba ya me?"

"Ba ya ƙas, na ce. Bebe ka kawo min."

"Matar Yaya, wanki kike so ko kiɗa? Kwana uku ina cin ƙurar kasuwa, ƙafata kamar ba tawa ba, abin da za ki ce min ke nan?" Ya tattara kayansa ya fita, ko ruwan da ta ajiye masa bai sha ba.

Washegari ta yi wanki da ka. Tawul suka fito da gashinsu a jiki, don ba su daɗe ba. Zannuwan wuya kuwa suka daɗe har igiyoyinsu suka harɗe, uku suka tsinke. Mai shagon da ya fi kowa daɗewa da ita shi ya dawo da su da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ko dai jikin ne?" Ta ce jikinta lafiya lau, injin ne bai saba ba. Da ya tafi ta zauna a bakin rariya da zannuwan a cinya, ta daɗe ba ta taɓa su ba.

Ta sake aikawa a kira Mai Rediyo. Ya shigo fuska a murtuke.

"Mayar min da tsohon."

"Tsohon ya mutu, na ce miki! In mayar ya yi miki me? Ga lamba nan an rubuta ɓaro-ɓaro. Tara kike so? Ki kai kibiyar kan tara. Jikarki 'yar aji ɗaya za ta iya. Murɗa in gani."

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa injin. Ta murɗa, ta tsaya.

"Ga shi nan," ta ce.

Daga tagata ba na ganin lamba, amma na ga fuskarsa. Daga baya ya gaya min kan sha uku ta tsaya. Ya dubi agogon, ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi tagata. Ni kuma labulena ya buƙaci gyara a daidai lokacin.

"Hmm," ya ce. "Ina zuwa."

Ya dawo da abin huda ƙarfe da wasu ƙananan ƙusoshi masu zagayen kai. Ya kafa ɗaya a kan huɗu, biyu a jere a kan tara, ɗaya kuma a bakin kibiyar. Yana yi yana mita, wai fentin lambobin zamani na banza ne, wata biyu sabulu zai cinye shi, gara ya yi maganin abin tun yanzu kada ta sake tayar masa da hankali. Ta ɗora babban yatsa kan kibiyar, ɗan ali yana bin gefe. Ya ci karo da ƙusa ɗaya, ya wuce, ya tsaya kan biyu.

"Aikin ƙazanta," ta ce. "Ka ɓata min goshin inji."

Asabar Akawu ya zo, har da mai sayen tsofaffin ƙarafa yana jira a waje da amalanke. Ya tarar da igiya cike da tawul, uwarsa tana zuba wanki na biyu. Ta murɗa agogon tana yi masa faɗan takalmin da ya shigo da shi cikin ruwa, ko kallon wajen ba ta yi ba. Ya tsaya ya ga injin ya juya ya kashe kansa.

"Baffa, zai kai yaushe?" ya tambayi Mai Rediyo, wanda ke zaune yana shan ruwan da ya ƙi sha shekaranjiya.

"Zai binne ni."

Akawu ya fita ya sallami mai amalanke.

Da suka rage su biyu, Mai Rediyo ya miƙe ya karkaɗe riga. Ya rage murya, amma tsakar gidan ƙarama ce.

"Ranar Talata likitan ido yake zama a asibitin bayan tasha. Ƙarfe takwas zan zo. In kin ƙi, in zare ƙusoshina, kuma in bi ta ofishin yaron nan."

"Idon wa? Kai ne makaho, da ka sayo bebe da idonka biyu. Fita min daga gida."

Ranar Talata tun bakwai da rabi na hango ta zaune a kan kujerar, da mayafi da jaka. Wankin safe yana juyawa a bayanta. Na yi tari.

"Maƙwabci, ƙarfe nawa?" ta ce. "Mutumin nan bai taɓa zuwa kan lokaci ba. Shi da agogonsa duk ɗaya."