Kwanon Ful na Injiniya

Lokacin da nake tallan bel ɗin inji daga wani shago a kasuwar Suk al-Shabi, ba wanda ya wahalar da ni kamar injiniyan wata masana'antar man riɗi a Omdurman. Duk bel ɗin da na kai masa sai ya shanya shi a rufin kwano, rana ta gasa shi, sannan ya lanƙwasa ya duba ko ya tsage. In koma wurin mai shagonmu Hajj Yusuf ina zagin injiniyan a zuci.

Kuma ba ya cin abinci da 'yan talla. Lokacin fatur, wato karin kumallo, ma'aikata su kewaye kwanon ful, dafaffen waken nan nasu, ni ina tsaye. Ya taɓa ce mini, "Wanda na ci da shi, ba na iya mayar masa da kaya."

Sai na ɗaura ɗamara. Na je sunan 'yarsa, na je gaisuwar rasuwar mahaifiyarsa. Ran nan ya matsa ya ce, "Bismilla, ɗan'uwa, sa hannu."

Daga ranar bai sake hawa rufin ba.

Ni kuwa me na sani game da bel? Abin da aka rubuta a kwali kawai. Ko ɗaya bai taɓa tsinkewa ba, alhamdu lillahi. Amma duk sanda na ga ma'aikata dab da inji yana gudu, sai in tuna da kwanon ful ɗin nan. Mutum ɗaya ne yake duba musu, ni kuma na sauko da shi.