Robar Askirim ta Hajiyar Sama

Shekarun baya kaɗan, ina aji bakwai a wata makaranta a Mount Hope, unguwarmu da ke cikin Bronx, malamar kimiyya ta kunna mana bidiyon wani tsibiri can tsakiyar teku. Mutanen wurin ba su da filin binne shara, jirgin da ke kwashe musu ita kuma sai ya ga dama yake zuwa. Shi ne suka sa wa kansu ƙa'ida: a rage abin da ake jibgewa a juji, a ƙara abin da ake sake sarrafawa. Malama har da ƙwalla. Ta ce mu ma ai a tsibiri muke. Na ɗaga hannu na ce Bronx ba tsibiri ba ne, ta ce in ajiye hannuna.

Nan take aka kafa gasa tsakanin azuzuwa: shuɗin kwando na robobi ya cika, baƙin kwando na juji ya rame. Aka naɗa abokina shugaban kwamitin shara, aka ba shi safar hannu da baji. Yaron da ko gadonsa ba ya gyarawa, sai ga shi yana zagaya ɗakin cin abinci kamar ɗan sandan da aka yi wa ƙarin girma.

To, a gidanmu roba ba ta mutuwa. Ka buɗe firij ka ga robar askirim, ranka ya yi fari, ka ɗaga murfi, miyar kuka ta ce maka salamu alaikum. Amma akwai guda ɗaya da ta fi sauran daraja, ita ce ta Hajiyar da ke benen samanmu, 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi. Duk Lahadi takan aiko mana wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan nasu, a cikinta, mahaifiyata kuma ta mayar da ita cike da dambu, don a wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci babu komai a ciki. Robar nan tana hawa da sauka tun kafin a haifi ƙanwata.

Wata Litinin mahaifiyata tana sauri, ta miƙo min ita da ragowar waken. "Ta Hajiya ce. Ko kai ba ka dawo ba, ita ta dawo."

Na cinye abincina a makaranta, na je wanke hannu. Ina dawowa, tebur wayam.

"Ina robata?"

Abokina ya gyara bajinsa. "Na sa ta a shuɗin kwando. Filastik ce fa."

"Kai, ta mutane ce! Murfinta ma yana rufuwa!"

"Saura kaɗan mu wuce 'yan ɗaya ajin, haba mutumina. Ka yi don tsibiri."

Na ruga, na tarar har mai shara ya ɗaure buhun ya fitar. Na kai ƙara wurin malama. Ta dafa kafaɗata ta ce in yi alfahari, wataƙila robata ta zama benci a wurin shaƙatawa. Benci! Ni in hau bene in ce wa Hajiya ta je ta zauna a kan robarta?

Da mahaifiyata ta ji, har cokalin hannunta sai da ta ajiye. "Abu lafiyayye suka jefar? Kuma makarantar ce ta koya musu?" Ta ja ni shago cikin sanyin nan mai fasa kunne, ta sayi irin askirim ɗin sak, ta zaunar da ni da ƙanwata ta ce mu ga bayansa. Wallahi ban taɓa sanin askirim na iya zama horo ba sai ranar. Haƙorana har yau ba su yafe ba. Aka wanke roba, aka cika ta da dambu, aka ce in hau.

Hajiya ta karɓa, ta juya ta, ta shinshina murfin.

"Yaro, wannan ba nawa ba ne. Nawa ya san manja."

Na faɗa mata duk yadda aka yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta juye dambun a farantinta, ta ɗauraye robar, ta miƙo min ita babu komai. "Ka gai da uwarka."

Ranar Lahadi wake ya zo kamar kullum, amma a farantin takarda, an lulluɓe shi da leda. Irin wanda ba a jiran dawowarsa. Mahaifiyata ta juye waken a kwano, ta jefar da farantin. Haka aka yi ta yi har sanyi ya wuce, kuma duk farantin nan baƙar ledar shara yake tafiya, kai tsaye zuwa juji. Ajinmu kuwa ya ci gasa, aka tafa wa abokina a gaban kowa, wai ya ceci muhalli.

Sai da Sallah ta zo, mahaifiyata ta hau da kanta da kwanon tuwo, sannan Hajiya ta huce, wata robar ta fara hawa da sauka.

Ban ƙi mutanen tsibirin ba, Allah ya rage musu shara. Abin da ke tafasa min zuciya har yau shi ne gasar da ke yaba wa wanda ya jefar, ba ta ko ganin wanda ya wanke ya sake amfani. Ni da abokina mun shirya tuntuni, yana zuwa gidanmu cin tuwo. Sai dai kowa a kwano ake zuba masa, shi kaɗai mahaifiyata ke zuba wa a farantin takarda, ta ce, "Ungo, shugaba. Wannan kana iya jefarwa."