Ranar da Ruwan Baba Kore Ya Washe

Baba Kore ake ce masa, don ba a taɓa ganin farcensa fari ba. Tun yana da ƙarfinsa ya haƙa tafkin kifi a bayan gidansu, shi da ƙanensa direban tasi. A gaskiya dai shi ya yi haƙan, ƙanen butar ruwa ya riƙe masa.

Ruwan tafkin kore ne shar, kuma da gangan. Buhun kashin kaji yake ratayawa a ciki, rana ta buga, gansakuka ta tashi. Wasu mitsi-mitsin halittu su ci gansakukar, ƴaƴan karfasa su ci su, tarwaɗa ta ɗauki rabonta a cikin karfasar, daga nan sai tukunyar matarsa. In baƙo ya yatsine fuska, sai Baba Kore ya yi dariya ya ce, "Hasken rana kake ci a kifin nan, ɗana, hanya ce kawai ta yi nisa."

Ƙanen kuwa ya daɗe da burinsa: a jera kujeru a bakin tafkin, mutane su zo shan lemo suna kallon kifi. To wa zai ga kifi a koren ruwa? Duk sanda ya kawo maganar, yayan ya ce a'a.

Da yanar ido ta rufe wa Baba Kore gani, likita ya ce sai an yi aiki. Ƙanen ne ya kai shi asibiti a motarsa, ya riƙe masa hannu har ƙofar ɗakin tiyata. "Yaya, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Buhun naka ma ni zan riƙa canjawa."

Baba Kore ya yi jinya a gidan ƴarsa, ya dawo ido garau. Ya tarar da ruwa ma garau, kujerun roba a jere. An zuba maganin kashe gansakuka. Yunwa ta gama da ƴaƴan karfasan bana kakaf, manyan na ta zagaye, kai ya fi jiki.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙanen ya ce, "Yaushe ka zuba?"

Ƙanen ya sosa ƙeya. "Haba Yaya, dubi yadda wurin ya yi kyau mana."

"Na ce yaushe?"

Matar Baba Kore ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ranar da ya kai ka asibiti. Jarkar maganin tana bayan motar da kuka tafi a ciki."