Yoyon Motar Alhaji

Jama'a, yau unguwarmu ta yi wa bakanike bore!

Kun san tsohuwar Fiyat ɗin maigidana, 'yar Italiya, wadda ta girme ni. Kullum baƙin mai take zubarwa, maƙwabta na tarawa da gwangwani. To da hantsi Alhaji ya ɗauko bakanike daga Yankara, wai mai neman kansila bai kamata motarshi ta riƙa fitsari a titi ba. Mutum ya shige ƙarƙashi, ya sa sabon gaskit mai toshe yoyon mai, ya ɗaure noti. Yoyo ya tsaya cak!

Sai ga Baba Tanko maƙwabcinmu da gwangwaninshi. Ya tara, ya jira, ko ɗigo babu.

Ya ce, "Alhaji, wa ya yi mamu wannan aika-aika? Da me zan shafa wa azarata? So kake gara ta cinye mani ɗaki?"

Kafin in sauke tukunya ƙofar gida ta cika. Mai amalanke na kukan ƙafar amalankenshi za ta bushe. Inna Kande ta ce jakinta na da gyambo, man nan ne maganinshi.

Alhaji ya ce, "Haba jama'a, injina ne fa ke mutuwa!"

Baba Tanko ya kife gwangwani ya ce, "Ba komai. Ranar zaɓe injin ya jefa maka ƙuri'a."

Wallahi ina leƙe ta zaure, Alhaji ya duƙa ya raɗa wa bakanike, "Malam, koma ka sassauta notin nan kaɗan."