Lambar 'Yar Ƙwallon Gora a Hannun Ƙanen Mijinta

Haƙƙi ne a kan ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan wasa, idan ta tashi karrama mutum, ta kira shi gaban jama'a ta danƙa masa lambarsa a hannunsa. Akwai baiwar Allah guda a Ƙofar Durbi da ba mu sauke wa wannan haƙƙi ba. Ni ne sakatare a lokacin, kuma har yau idan na tuna sai in sunkuyar da kai.

Na san ta tun tana ɗaliba a makarantar 'yan mata, inda ta koyi ƙwallon gora, wato hoki, ba takalmi a ƙafarta. Gefen hagu take buga wa, wurin da kowa ke gudu saboda wuyar juya gora. Ta wakilce mu a garuruwa da dama, tafiya a bayan motar kaya, kuma a can ƙwallo ta karya mata ɗan yatsa, ya warke a karkace. Da ta daina bugawa sai ta koma koyar da yara, tana kai wa kafinta itace yana sassaƙa musu gora.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, muka shirya bikin karramawa, muka gayyato wani sabon zaɓaɓɓe ya zama babban baƙo. Ta zo a bayan babur ɗin ƙanen mijinta, mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, da tsohuwar gorarta naɗe cikin zane. Aka zaunar da ita a rumfar mata, can baya, kusa da masu rabon abinci.

Mai tsara bikin ya ƙudurta cewa kowace lamba sai an ɗauki hotonta ana musabaha da babban baƙo. Shi kuwa baƙon ba ya musabaha da mata, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Mafita a fili take: ya miƙa, ta karɓa. Amma da aka zo kanta sai na ji mai sanarwa yana cewa, "Ina wakilin Hajiya?"

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta can zaune, lafiyarta ƙalau."

Mai tsara bikin ya ce, "Malam Sakatare, zauna. Kada ka ɓata mana tsari."

Kafin ta ratso kujeru, an riga an turo ƙanen mijin nata, an yi musabaha, an ɗauki hoto, an tafa. Ta tsaya a tsakiyar fili, gora a hannu, ba wanda ya ce mata ta matso ko ta koma.

Bayan an tashi na same su wurin babur. Tana ce masa, "Sannu gwani! A wane fili ka buga ne, ban gan ka ba?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, ingiza ni aka yi. Ni ko ta ina ake riƙe sandar ban sani ba."

Ta yi dariya, ta karɓi lambar ta jefa cikin jaka ba ta duba ba. Ni kuwa na raɓe gefe don kunya. Ita ce ta ce, "Malam, sannu da aiki," suka tafi.

Hoton nan yana rataye a zauren ƙungiyarmu har gobe, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa karramawar ƙwallon gora ta mata ce. Yara suna shigowa su ga namiji da hula. Ita kuwa ta manyanta, gwiwa ta hana ta fita sai da dalili.

Saboda haka nake roƙon shugabannin ƙungiya, cikin girmamawa, su binciki yadda aka yi wannan tsari, su sauke wancan hoto, su aika mota Ƙofar Durbi a ɗauko ta tare da lambar, a miƙa mata ita a hannunta gaban jama'a, tun tana da rai.